Daga Fanisau zuwa Dambatta: Ƙasar da Manoma Suka Ƙawata

Wanda ya fita daga birnin Kano ya yi arewa, ko ya bi hanyar Katsina ta Bichi da Tsanyawa, ko hanyar Daura ta Dambatta, ko ya ɗan karkata gabas ta Jogana da Gezawa, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona. Kafin rumbunan wannan ƙauye su ɓace a bayanka, hasumiyar masallacin na gaba ta bayyana. Babu tsauni, babu kurmi, babu ruwa mai kwararowa daga kan dutse. Shi ya sa idan ana lissafa wuraren buɗe ido na jihar, sai a ambaci Dala da Goron Dutse da marinar Ƙofar Mata, daga nan a zarce kudu: Tiga, duwatsun Rano, dajin Falgore. Arewacin Kano hanyar wucewa ce kawai a wurin masu wannan lissafi.

Ni kuwa ina ganin abin kallon da ya fi wuyar samu a nan yake. Dutse Allah ne ya ajiye shi, kowace ƙasa da nata. Amma ƙasa mai yashi, wadda ruwan sama bai wuce na wata huɗu zuwa biyar ba, a noma ta kowace damina shekaru aru-aru ba hutu, ta ciyar da jama'a mai yawa haka, kuma har yau tana da inuwa, wannan aikin hannun mutane ne, kuma ba ko'ina ake samun irinsa ba.

A je wajen Minjibir ko Makoda a ƙarshen watan Agusta. Gero ya fitar da kai ya fi mutum tsayi, dawa tana biye da shi da faffaɗan ganye, wake ya yi yaɗo a ƙarƙashinsu ya rufe kunya, gefe guda ga gyaɗa ko riɗi. A kan iyakar gona akwai layin gamba ko lalle, wani wurin yakuwa da rama. Sama da duka kuwa ga itatuwa a warwatse, kowace da tazara tsakaninta da 'yar'uwarta: ɗorawa mai faɗin kai, kuka, tsamiya, kanya, ɗinya, aduwa, rimi a bakin gari, da darbejiya wadda ta shigo a zamanin Turawa ta zama 'yar gida. Babu ɗaya daga cikinsu da ta tsaya a wurin bisa tsautsayi. Wani ne ya gan ta tana ƙarama lokacin sassabe, ya ɗaga hannu ya bar ta, ya kare ta daga awaki, ya yi mata aski duk shekara don kada inuwarta ta danne shuka.

Baƙi sun daɗe da lura da haka. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya biyo ta Katsina da Bichi ya shiga Kano a farkon Fabrairun 1851. Rani ne, an riga an yi girbi, amma duk da haka ya bar bayani mai cike da yabo a kan gonaki da itatuwa da ƙauyukan da ya ratsa, ya kuma sa ƙasar Kano cikin mafiya albarka da ya gani. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, wani malamin ilmin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe rayuwarsa yana nazarin wannan yanki. Rahoton da ya fitar tare da J. Wilson a 1965 shi ya sa masana a duniya suka san kewayen Kano a matsayin misalin karkara mai cunkoson jama'a. Abin da ya yi ta nunawa har ya rasu a 2017 ya saɓa wa abin da ake koyarwa a lokacin. Ana cewa yawan jama'a shi ke cinye ƙasa ya kawo hamada. A kewayen Kano kuwa, inda ake noma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kowace shekara, itatuwan gona ba su ƙare ba, ƙasar ma ba ta mutu ba.

Taki da harawa da gawo

Sirrin ba ɓoyayye ba ne, duk ɗan ƙauye ya san shi. A watan Afrilu, zafin bazara na kan ganiyarsa, za ka ga yaro yana kora jaki da mangala cike da taki daga turken gidansu. Ya isa gona, ya kama gindin mangalar ya juye, ya bar tsibi guda, ya koma. Kafin ruwan farko gonar ta cika da waɗannan tsibi-tsibi a jere, baƙaƙe a kan farin yashi. A cikinsu akwai kashin tumaki da awaki, tokar murhu, sharar tsakar gida, ragowar kara da dabbobi suka tattake. Duk wanda ya wuce ya ga yawan tsibin ya san ƙarfin mai gonar, ya san ko yana da dabbobi, ya san ko yana da 'ya'ya masu jin magana.

Dabbobin nan ɗaure suke duk damina, domin babu makiyayar da za a sake su. Ciyawar da aka cire a noman firi da maimai ita ake ɗauko musu da yamma. Da kaka a tattara harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure, a ɗora a kan reshen bishiya ko rufin ɗaki inda baki ba zai kai ba. Karan dawa ya zama danga da zana da makamashi. Abin da dabba ta ci daga gona, ta mayar wa gona. Masu binciken da suka zauna a Tumbau, ta wajen Gezawa, a shekarun 1990, sun bi wannan zagaye daki-daki suna aunawa, har suka nuna cewa ƙurar hunturu da muke kuka da ita tana sauke wa gona wani abu na abinci. Ƙauyukan da ke kusa da birni kuma suna da ƙari: tun kafin zuwan mota, jakuna ke shiga Kano da itace da hatsi, su fito da shara. Yau tifa ce ke kawo sharar, kuma rabinta leda ce, sai manomi ya sa yara su tsince kafin a watsa.

Gawo ya cancanci a tsaya a kansa. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke ƙara ganye, shi zubar da nasa yake yi, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zuba kuma taki ne. Da rani, lokacin da komai ya bushe, sai ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi a gindinsa. Kowane manomi zai nuna maka cewa dawar gindin gawo ta fi ta tsakiyar fili. A Maraɗi, tun daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta jan hankalin manoma su riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani. Ana ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, duniya kuma ta yaba, kuma yabon ya dace. Sai dai ya kamata a riƙa tunawa cewa manoman Dawakin Tofa da Bagwai ba su taɓa barin wannan ɗabi'a ba balle a dawo musu da ita.

Ɗorawa kuma ta mata ce ta wata fuska. Maza ke kaɗo ta, amma daga nan aikin ya koma cikin gida: a raba gari da kalwa, a dafa kalwar ta kwana a wuta, a surfa, a wanke, a rufe ta ta yi kwanaki tana ruɓa, a daka a mulmula. Daddawar da ke fitowa daga wannan wahala ta aurar da 'ya'ya mata da yawa a ƙauyukan nan. Darajar ɗorawa ta kai a wurare da dama ana ambatonta daban a rabon gado.

Garuruwa masu ganuwa

Zaman lafiya ne ya ba mutane damar warwatsuwa su gina gida a tsakiyar gonarsu. Inda babu shi, sai ganuwa. Arewacin Kano ya ga duka biyun, domin nan ce fuskar da ke kallon Daura da Damagaram.

Fanisau, a Ƙaramar Hukumar Ungogo, ita ce ta fi saurin kaiwa daga birni. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, shi ya mayar da ita sansani da gidan sarauta, saboda rigimarsa da Ɗan Tunku wanda ya ƙi yi masa mubaya'a ya kafe a arewa, rigimar da ta ƙare da tsayuwar Kazaure a matsayin masarauta mai zaman kanta. Da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Kano a Janairun 1824, bai tarar da sarki a birni ba, sai da ya bi shi Fanisau. Gidan sarki da tsohon masallaci suna nan, kuma al'adar Hawan Fanisau bayan Babbar Sallah daga wannan alaƙa ta samo tushe. Akwai kuma ɓangaren tarihin da ba a cika faɗa ranar hawa ba. Gandayen sarki da na attajirai da suka kewaye garin a ƙarni na 19, bayi ne suka noma su. Masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi sukutum a kan haka a 2011, ya dogara ƙwarai da hirarrakin da aka naɗa da dattawan garin. Wanda zai yaba kyan ƙasar nan, wajibi ne ya san cewa cikin hannayen da suka gyara ta akwai waɗanda ba da son ransu suka riƙe fartanya ba.

Gezawa ta ɗanɗana nata a ƙarshen shekarun 1890, zamanin Sarkin Kano Alu, lokacin da rundunar Damagaram ta Sarki Ahmadu Kuran Daga ta faɗo mata. An kuma gwabza a Tattarawa, ta wajen Dawakin Tofa. Yaro ɗan makarantar Gezawa zai iya kawo maka labarin yaƙin duniya na biyu, amma da wuya a taɓa kai shi a nuna masa inda ganuwar garinsu ta bi. A garuruwa da yawa abin da ya rage tudu ne mai tsawo da rami a gefensa, shi ma ana ta ɗibar ƙasarsa ana yin bulo.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: cikin masu zaɓen Sarkin Kano guda huɗu, uku a wannan ɓangare gundumominsu suke a al'ada. Madaki a Dawakin Tofa, Sarkin Bai a Dambatta, Sarkin Dawaki Mai Tuta a Gabasawa, Makama ne kaɗai a Wudil. Sarautar Sarkin Bai ta Dambazawa ce, zuriyar Malam Dabo Dambazau, ɗaya daga cikin jagororin jihadi a Kano. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 ne aka tura hakimai su bar birni su zauna a gundumominsu, wannan ya sa garuruwa irin su Dambatta suka samu ƙofar fada da kotun alƙali da makaranta. Kasuwar Dambatta ta ranar Lahadi har yau tana tara shanu da raƙuma da fatake daga Nijar. Bichi kuwa ta daɗe tana zama wurin horon masu jiran gado: Abdullahi Bayero ya riƙe ta yana Ciroma kafin ya hau gadon sarauta a 1926, haka ma ɗansa Muhammadu Sanusi kafin 1953. An ɗaga ta zuwa masarauta a 2019, aka soke dokar a 2024, maganar da ta cika jaridu fiye da duk abin da ke cikin wannan rubutu.

Abin da hannu ke yi da rani

Noman wata biyar ba ya riƙe gida wata goma sha biyu. Shi ya sa kusan kowane ƙauye a nan yana da sana'ar rani da aka san shi da ita. Minjibir ta yi suna a saƙa. Masaƙi yana zaune a rumfa, ƙafafunsa na taka igiya, ƙoshiya na kai da komo tsakanin hannayensa, zaren kuwa ya miƙe can gabansa an ɗaure shi a kunkuru da dutse a kai, yana matsowa a hankali yayin da ƙyalle ke naɗuwa. Faɗin abin da yake saƙawa bai wuce tafin hannu ba, sai an haɗa da yawa a ɗinke kafin a samu zane ko gwado. A dā komai na wannan sana'a daga gonar da ke bayan rumfar yake fitowa: auduga a gona, mata su gurje su kaɗa da mazari, baba a gona, marina a bakin gari. Tufafin ƙasar Kano da Barth ya ga ana kai su har Tambutu da Tarabulus, yawancinsu ba a cikin ganuwar birni aka saƙa su ba, a irin waɗannan ƙauyuka ne. Yau zaren kanti ake saya, masu saƙar sun ragu, kuma akasarinsu furfura ta kama su.

Dawakin Tofa kuma an san ta da ginin tukwane: tulu, randa, kasko, tukunyar tuwo, asusu. Roba da alminiyam sun ƙwace kasuwa mai yawa, amma randa ta ƙi mutuwa, domin inda babu wutar lantarki ita ce ke ba da ruwan sanyi. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu. Da magina tukwane na ƙauye ya yi aikin.

Wasannin kaka suna nan, wasu da ƙarfi, wasu da ƙyar. Damben mahauta ya bar dandalin ƙauye ya shiga gidajen wasa na birni da wayoyin hannu, ya ma fi dā kuɗi. Kokawa da kalankuwa sun ja baya. Gaɗar 'yan mata da tatsuniyar dare suna fama da fina-finai a waya. Tashe na nan duk azumi. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne gayya, domin ba wasa ba ce kawai. Ranar gayya samarin unguwa ke haɗuwa a gonar wanda ciwo ya kwantar ko ta surukin abokinsu, makaɗi na bin su a baya yana kiran kowa da kirarinsa, mata na kawo fura. Ƙwadago ya maye gurbinta, wanda ba shi da kuɗin biya kuma sai ciyawa ta ci gonarsa.

Ruwa da kasuwa da fuloti

Ƙasar ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, manoma suka rungumi gyaɗa, dalar gyaɗa ta tashi a birni. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan zamani, wake ya karɓi wurin. Shirin madatsun ruwa da aka faro a mulkin Audu Bako ya kawo wa arewa Watari a Bagwai, Tomas a wajen Dambatta, Gari a wajen Kunci, da Jakara a Wasai ta ƙasar Minjibir. Yanzu a tsakiyar rani za ka ga koren tumatir da albasa da shinkafa a inda dā sai ƙura, ga masunta da kwalekwale. Madatsar Jakara dai tana karɓar ƙazantar birni da ruwan masana'antun Bompai, kuma da wannan ruwa ake ban-ruwan kayan lambun da ke komawa kasuwannin birnin. Kasuwar Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a ƙasar Dawakin Tofa, ta zama cibiyar hatsi da ake ji da ita a Afirka ta Yamma, riɗi da zoɓo na tashi daga nan zuwa ƙasashen waje.

Duk waɗannan sauye-sauye gona ta shanye su ta ci gaba da zama gona. Wanda ba ta iya shanyewa shi ne fuloti. Gado ya rarraba gonaki har wasu ba su isa ciyar da gida ba. Dillali ya zo da kuɗin da manomi bai taɓa riƙewa ba, ga aure, ga asibiti, ga kujerar Makka. Ba na zargin wanda ya sayar. Amma abin da ke biyo baya iri ɗaya ne a ko'ina: a kafa duwatsun siminti, a sare ɗorawar da ta ga kakanni a sayar wa masu gawayi, filin ya zauna shekaru ba gini ba shuka. Sabon layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, zai bi ta Dambatta da Kazaure. Alheri ne, amma zai ƙara wa ƙasar da ke gefensa tsada da masu zawarci.

Wasu ƙasashe sun ɗauki ƙauye da gonarsa a matsayin gado. A Romaniya, Dimitrie Gusti ya kafa gidan tarihin ƙauye a Bukarest tun 1936, aka ɗauko gidajen manoma na gaske daga sassan ƙasar aka sake kafa su, kuma ƙauyuka bakwai na yankin Transilbaniya masu majami'u da ganuwa suna cikin jerin UNESCO. Ba sai an je Turai ba ma. Sukur ta Jihar Adamawa ta shiga wannan jeri a 1999, kuma cikin dalilan har da gonakinta na kan dutse da aka yi wa matakala. Hawan Sallar Kano ya samu tasa shaidar ta UNESCO a Disambar 2024, mun yi murna. To amma dokin hawa harawa yake ci, rigar mahayin wani ne ya saƙa ta, hakimin da ke jan tawaga kuma daga Dambatta ko Gabasawa ya taso.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin jiha ba. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano, da sashen ilmin ƙasa na Jami'ar Bayero, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, za su iya haɗa kai da dagatai da masu unguwanni a auna ragowar ganuwoyi a sa musu alama, a naɗi muryar masaƙa da magina tun suna raye, a kuma sa sharaɗin barin manyan itatuwa a duk shimfiɗar fuloti da za a amince da ita. Lokacin yin hakan ba shi da yawa. A farkon shekarun 1970 wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta yi nazarin Ɗorayi, kudu maso yammacin ganuwar birni, a matsayin karkara: manyan gidaje a warwatse cikin gonaki, jakuna na kai taki. Littafinta ya fito a 1977. Ɗorayi yau unguwa ce a cikin birni mai layuka da shaguna da cunkoson Adaidaita Sahu, kuma gine-ginen da suka cinye ta sun riga sun kai Ungogo da Dawanau.